Ranar da Kaka ta ƙi zama a kufai

Duk sanda na ji ƙamshin ciyawar da aka yanke, sai in tuna shekarar da Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana Landan. Ina 'yar shekara tara.

Bayan unguwarmu a Abbey Wood akwai dajin da ake zuwa shan iska. A bakinsa ga ragowar wani tsohon gidan ibadar Kirista, bangayen dutse iya ƙugu, da wata ƙofa tsaye ba ɗaki. Nan muke guje-guje duk Asabar. Baba ya ce a kai Kaka ta ga gari, Umma ta yi dambu ta zuba a kula.

Muna isa Kaka ta ja ta tsaya, ta yi sallama da ƙarfi. Na waiga ina neman wanda take gaisarwa, ban ga kowa ba. Umma ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar bangayen, Kaka ta ce sam.

"A kufai za ku ci abinci? Ina masu gidan?"

Baba ya yi dariya. "Inna, sun mutu shekaru aru-aru. Council, wato ƙaramar hukuma, ce ke kula da wurin."

"'Ya'yansu fa?"

Baba ya sunkuya ya naɗe tabarmar. Ni kuwa kaina ya ɗaure tamau. A makaranta an ce mana wurin tarihi ne, abin alfahari. Ga Turawa can kwance suna shan rana, kare na bin ƙwallo, ga tsohuwa na share hawaye da bakin mayafi saboda mutanen da ko addini ba su haɗa ba. Na ɗauka aljanu take tsoro. Haushinta ma na ji, don dambu na hucewa.

A kan benci muka ci, can bakin titi. Nan ta riƙe hannuna ta ce soron gidan kakana ya fara tsagewa, kuma ita kaɗai ta rage a ciki. "Ubanki ya ƙi komawa. Ke za ki zo ki zauna?"

Na ce, "Maybe." Ta dubi Baba ya fassara mata, bai fassara ba.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Sai bara na je garin su Baba da girmana. Soron ya zube, awaki ke kwana a ɗakinta. Ina tsaye wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Baƙuwa, wa kike nema? Ai masu gidan nan sun ƙare."

Na buɗe baki in ce mata ga ni, sai na rasa ko gaskiya zan faɗa.