Uwar Ƙofofi da Baƙon Ƙarfe Sha Ɗaya

Bakwai da rabi take saukowa ɗakin ƙasa na asibitinmu, inda na'urori ke gurnani, sanyi kuma ke ratsa ƙashi ko da rana tsaka. Ta rataye jaka, ta goge tabarau, ta buɗe wani fayil guda ɗaya. Shekara goma sha tara ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Uwar Ƙofofi muke ce mata. Ni ne shugabanta, a takarda.

Sau uku tana koya mini aikin kafin ya zauna. Kowane adireshi a shafin intanet na asibiti ƙofa ce. Bayanta akwai 'yar manhaja mai amsa baƙo, ita ce sabilet. Gabanta akwai mai gadi mai tambayar kalmar sirri, shi ne filta. A fayil ɗin nan ake rubuta wace ƙofa ke kaiwa ga wane sabilet, wane mai gadi ke tsaye a wace ƙofa. In layi ɗaya ya goce, ko mai haƙƙi ya tarar da bango, ko ɓarawo ya tarar da fili.

Akwai wani tsohon adireshi na duba sakamakon gwaji da aka bari tun da muka yi sabon shafi. A samansa ta rubuta: kar a goge. Rajistar masu shiga na nuna kullum sha ɗaya na safe wani na ƙwanƙwasa shi, ya sa kalmar sirri daidai, ya buɗe shafi ɗaya tak, na wata majinyaciya da ta rasu shekara shida baya.

Na taɓa tambaya, "Yaya, wane ne wannan?"

"Mai ƙofa ne, Shugaba. Sha shayinka."

Wata shekara da ta tafi hutu sai shugabancin ya motsa mini. Na yi wa fayil shara, na goge layukan adireshin. Washegari sha ɗaya aka ƙwanƙwasa, ba amsa. Rana ta biyu sau tara. Ta uku sau arba'in da ɗaya. Ta huɗu, shiru. Ina cikin yi wa kaina barka na ji taku a matakala, a hankali, da sanda. Ba mai saukowa ɗakin nan sai wanda ya ɓata hanya.

Dattijo ne, riƙe da waya mai fasasshen gilashi.

"Ɗana, ku ne kuka toshe mini ɗakin matata?"

Ya ce gwajinta na ƙarshe ke ciki, kuma a ƙasansa likita ya rubuta: tana samun sauƙi. Sha ɗaya lokacin ziyara ne a ɗakin da ta kwanta. "Can ne kawai take samun sauƙi har yanzu."

Na yi maza na mayar da layin sabilet. Shafi ya buɗe nan take. Na kira Uwar Ƙofofi a waya don ta ji ita ma tana da magaji.

"Ya tambaye shi kalmar sirri?"

"A'a, ai yanzu ya fi sauri ma."

"Shugaba, ka buɗe ƙofa ka bar mai gadi a gida. Ciwon mutum dubu nawa ka shanya a titi? Zauna ka rubuta."

Harafi-harafi ta karanto mini layin filta, kamar mai koya wa jikanta. Sannan ta ce in miƙa wa dattijon wayar. "Baba, yi mana haƙuri. Sake sa kalmar, ɗakin na nan." Ya sa, ya karanta, ya hau matakala bai waiwayo ba. Uwar Ƙofofi ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Yaya, ke ce mai tsaron da ba a gani sai ranar da ba ta nan. Ke ce kika ga lamba a rajista kika gane mutum ne, ni na gani na ce datti ne. Ba a taɓa rataye hotonki a bangon asibiti ba, nawa kuwa har biyu.

Bara 'yar dattijon ta sauko ta gaya mana ya rasu. Washegari na leƙa rajista. Sha ɗaya daidai aka ƙwanƙwasa. Wataƙila 'yar ce ta gaji wayar. Uwar Ƙofofi ta rubuta mini lambar 'yar a takarda, ta ce in abin ya dame ni in kira in ji. Takardar na cikin aljihun tebur, tana samun kulawa.

Allah ya saka miki da alheri, Yaya, ya sa ki huta hutun da ba zan katse da waya ba. Ku kuma masu irin aikinta, kafin ku goge layi ku duba wa ke tsaye a bayansa.

Jiya ta miƙa mini fayil ɗin. Na ɗauki alkawari: ƙofar na nan, mai gadi na tsaye. Ko wane ne ke zuwa, yana da kalmar sirri.