Yayata Mai Ƙoda Ɗaya

Yayata ba ta taɓa ganin jinin al'ada ba. Tun muna gida a Gwandu Inna ta sani, ta ce a yi shiru, aure zai kawo shi. Aka kai ta Kalgo gidan wani masunci da take so, shi ma yake sonta. Shekara ta bi shekara, ko ɓatan wata babu.

Babu abin da ba a ɗura mata ba. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, an tsugunar da ita kan hayaƙi har cinyoyinta suka sale. Daga baya wani boka a Kambaza ya ce laifin Inna ne, wai tana da cikin Yaya ta yi wanka a gulbi da almuru, iska ta shafe ta. Baba ya yarda. Daga ranar ya daina cin tuwon Inna, sai dai a aiko masa daga gidan ƙanwarsa. Haka Inna ta rasu, bai sake sa hannu a kwanonta ba.

Bayan rasuwarta uwar mijin Yaya ta rako ta gida da kayanta a bayan a-kori-kura. "Ga ɗiyarku nan," ta ce wa Baba. "Mun yi haƙuri, amma juya ba ta riƙe gida."

Ciwon kwiɓi ne ya kai mu asibiti a Sakkwato, shekarar da aka ba mu jiha. Ni na raka ta. Likita ya daɗe yana goga na'urar hoto a cikinta, sannan ya ce ƙodarta ɗaya ce, mahaifa kuma babu.

"Wa ya cire ta?" in ji Yaya.

"Ba wanda ya cire. Ba ta tsiro ba ne tun farko." Ya ce tun ɗan tayi bai wuce ƙwayar wake ba, ƙoda da mahaifa suke fara fitowa daga wuri guda. Akwai ƙwayoyin halitta da ke tsara musu hanya, wannan ya miƙe, wancan ya haɗe. Idan tsarin ya karkace a nan, sau da yawa duka biyun yake taɓawa.

Na ce, "Wankan gulbi fa?"

Ya dube ni bai gane ba. Da na yi masa bayani ya girgiza kai. "Babu ruwan mahaifiyarku."

A mota Yaya ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Da muka iso na zayyana wa Baba komai a zaure. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce, "Mi likita ya sani game da iska?"

Yaya ta koma suyar kifi a bakin kasuwa. Wasu zawarawa sun zo. Kowanne sai ta faɗa masa gaskiya tun a ƙofar gida, kuma babu wanda ya sake dawowa.