Hannun da Kifi Ke Mantawa

Hantsi bai taɓa samun Mai Allura a gida ba. Tana tashar binciken kifi ta bakin kogi, hannuwanta cikin bokiti har sai sun ɗauki sanyin ruwan. Sannan ta ɗauko kifin da maganin barci ya kwantar, ta ɗan tsaga cikinsa, ta saka na'urar bin sawu da ba ta fi ƙwayar wake ba, ta ɗinke. Aikinta ke nan tun gashinta na baƙi, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Wanda ya fi kowa sanin darajar hannun nan shi ya fi kowa ƙyashinsa: Dogo, abokin aikinta, mai bin kogi a kwalekwale da abin saurare a kunne, yana jin inda kifayen suka nufa. Tare aka ɗauke su aiki. Shi ma yana ɗinkin, ya ma fi ta sauri. Amma kifin Dogo da an sake shi sai ya shige ƙarƙashin dutse ya yi zugum, ya ƙi ci, ya ware daga 'yan'uwansa. Duk abin da aka rubuta a kansa halin majinyaci ne, ba halin kifi ba. Nata kuwa kafin la'asar ya bi garke kamar ba a taɓa shi ba. Kullum da kunnensa yake jin bambancin, abin yana cinsa a rai. In baƙi suka yabe ta, sai ya ce sa'a ce, ya fita duba injin kwalekwalen da lafiyarsa ƙalau.

To, yanzu teburin ɗinkin zai koma hannunsa, kuma in kifinsa suka ci gaba da ɓuya, binciken ya tashi a banza. Ya haɗiye girman kai ya tsaya bayanta yana kallon yadda take aikin, abin da bai taɓa yi ba. Ashe babu wani siddabaru. Ba ta sakin kifi shi kaɗai. Takan bar shi ya farfaɗo cikin waɗanda aka kamo su tare, a mayar da su gaba ɗaya daidai inda aka kamo su. Dogo kuwa daga bakin tasha yake sakin nasa ɗaya-ɗaya, don a gama da wuri.

Ya ce, "Yaya, me ya hana ki faɗa min?"

Ta ce, "Ka taɓa tambaya? Ni ma fa ƙyashinka nake ji. Da sun bar hannuna shi ke nan, kai ke jin inda suka tafi."

Ranar ya sa ta a kwalekwale, ya ɗora mata abin sauraren. Ta kasa kunne, sannan ta tambaya ko wannan 'yar ƙarar ta kifinta ce. Ya ce nata ne, yana can tsakiyar garke.

Mai Allura, ke ce hannun da kifi ke mantawa, kuma a aikin nan babu yabon da ya kai wannan. Mun gode, Allah ya ba da hutu mai daɗi. Masu tasowa, ku ɗauki haƙurinta. Masu ƙyashi irin na Dogo kuma, ku je ku tsaya bayan gwani tun bai fara tattara kayansa ba.