Muryar Sanusi a Cikin Rediyon Mai Shayi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Sanusi, ɗan yayana, a nan Guangzhou, nesa da Kano inda aka yanke masa cibiya. Duk tsawon shekarun nan ina riƙe da wata magana da ya ce kada in bari ta isa gida muddin mahaifinsa na raye. Mahaifin nasa, Malam, ya rasu bayan Babbar Sallar da ta wuce, Allah ya jiƙansa. Ga kuma Hauwa'u, 'yar Sanusi, ta zo karatu garin nan, tana jiran amsar wata tambaya da na daɗe ina kauce mata.

Ni ba mai son waƙa ba ce, gara in faɗa tun da wuri. Tuwo nake tuƙawa a saman wani bene a unguwar Sanyuanli, 'yan kasuwarmu su hau su ci su sauka. Sanusi kuwa tafinta yake yi wa masu sayayya, ya haɗa musu kaya har tashar jirgin ruwa ta Nansha. A kan tuwona ya haɗu da abokan waƙarsa uku: Isufu na Maraɗi mai sarin jakunkuna a garin Shiling, Awudu ɗan Zangon Kumasi, da Bala ɗalibin likitanci, wanda ban taɓa ganin ya ƙoshi ba. Awudu ne ya zo musu da wata tsohuwar waƙar baƙaƙen Amurka da ake ce wa sol. Su tasu babu ganga babu jita, baki huɗu ne kawai.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci an ci abinci, sai su fita matakalar bene, wai ta fi ɗaki amsa murya. Su jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ɗora tafin hannunsa a bayan na kusa da shi, don ya ji lokacin da ɗan'uwansa zai ja numfashi. Muryar Bala siririya can sama, ta Sanusi can ƙasa kamar ana jan turmi a kan daɓe. Mutane suka sa musu 'Yan Matakala. Na kore su ya fi a ƙirga. Na ce musu ƙatti da gemu suna kuka da Turanci a kan matan da ba su taɓa gani ba. Isufu ya ce ai tun da suka fara, miyar Juma'a ke kamawa a gindin tukunya, ko mai miyar tana bakin ƙofa ne? Ƙarya yake. Ƙofar ce ba ta rufuwa sosai. Wata tsohuwa 'yar China da ke ƙasa da mu ma da tsintsiya ta fara fito musu, daga baya ta koma fitowa da kujera.

A lokacin ana yayin ƙananan rediyoyi masu ɗan kati a ciki. Al'adar masu ƙera su ita ce a zuba wasu waƙoƙi a katin, don mai sari ya kunna ya ji lafiyar kaya kafin a rufe kwali. Wani laoban, wato mai kamfani, da Sanusi ke kai wa masu saye, ya ce yana neman waƙar gwaji da ba mai zuwa ya ce tasa ce. Suka ɗauki muryarsu da waya a matakalar nan suka ba shi, ba suna ba komai. A tunaninsu waƙar gwaji ce, wanda ya sayi rediyo zai goge ya sa abin da yake so. Sun manta mutanenmu. Wa zai goge abin da ya zo a cikin kayan da ya saya? Kwantena bayan kwantena, muryarsu ta tafi Kano, ta tafi Maraɗi da Yamai, ta shiga ƙauyukan da ko mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa.

Sanusi bai san haka ba sai da ya je gida. Ya zauna wurin mai shayin ƙofar gidansu, sai ga muryarsa tana fitowa daga rediyon da ke rataye jikin tebur. Mai shayi ya ce masa wasu Amurkawa ne. Sanusi na riƙe da kofi sai ga Malam ya fito zai tafi ja wa mutane sallah, ya wuce ta gabansu. Malam limami ne, kuma mutum ne da ko fito ba a yi a gidansa. Da Sanusi ya dawo bai ko ajiye jaka ba ya same ni a kicin.

"Gwaggo, ki yi mini alkawari. Muddin Malam na raye, ba ki san muryar nan ba."

Na yi masa. Ban zaci shi zai riga Malam ba.

Ba su cika shekara biyu tare ba. Bizar Awudu ta ƙare, Bala ya gama karatu ya koma. Isufu ya ce a nemo wasu biyu, ai masu murya ba su ƙare ba. Sanusi ya ce hannunsa ya riga ya saba da bayan Awudu, ba zai iya sabon koyo ba. Ban sake jin ya yi waƙa ba, ko a wanka. Shekara ta zagayo ciwo ya kwantar da shi, kafin a gama shawarar mai da shi gida Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Benen namu ya yi shiru, yawancin masu sari daga gida suke aiko saƙo ta waya, tukunyata ma ta koma ƙarama. Yaran yanzu kowa shi kaɗai yake waƙa a ɗaki, na'ura tana gyara masa murya, sunansa kuma ya riga waƙar fita. Ina jin zai yi dariya ya ce su sun yi waƙar sun rasa suna, waɗannan sun yi suna ana neman waƙar. Isufu yana zuwa sari har yanzu, furfura ta cika masa gemu. In ya ci tuwo ya fita, ina jin takunsa ya tsaya a matakala kafin ya ci gaba da sauka. Ban taɓa tambayarsa ba.

Bara Hauwa'u ta zo, Malam na da rai. Da waƙar nan ta tashi, tana jin ta daga ƙofar gida, har ta sa an tura mata a waya. Wata rana tana taya ni yankan kuɓewa ta kunna, ta dube ni.

"Gwaggo, mai muryar ƙasan nan, in zai ja numfashi sai in ji kamar Abba in zai ta da kabbara."

Na ce ta kashe mini shirme ta kula da wuƙa. Ta kashe. Na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba.

Ita ce ta gaya mini cewa Malam ya sha korar masu kiɗa daga ƙofar gidansa, amma bai taɓa yi wa mai shayin nan magana ba. Da rediyon ya lalace ma, wai ya taɓa tsayawa ya tambaya ko ba ya gyaruwa. Ban san abin da ya sani ba, kuma ba zan ɗora wa mamaci magana ba. Na dai san yayana, ta bayan katanga yake gane tarin kowane ɗa nasa.

Da Sanusi ya rasu bai bar gida ba, bai bar shago ba. Ya bar 'ya mai kunya da natsuwa, da murya a hannun dubban mutanen da ke ce masa Ba'amurke. Alkawarina ya cika ranar da aka kai Malam makwancinsa. Ban yi boko ba, ina faɗa ne Hauwa'u tana rubutawa, kuma tun ɗazu ta daina ɗago kai. To rubuta da kyau, 'yar nan. Ba ki yi kuskure ba. Mai muryar ƙasan nan Bakano ne, sunansa Sanusi, ubanki ne. Allah ya kai haske kabarinsa, shi da Malam.