Ɗigo Uku a Jikin Bulok

Ni makanikin babur ne kafin in zama abin da na zama. A unguwar Bulumkutu na koyi aiki, a garejin Baba Kura, dattijon da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Shi ya koya mini fafe bulok ɗin inji: a faɗaɗa ramin da fistin ke hawa da sauka, a saka fistin mafi girma. Sai ka ga ɗan ƙaramin babur, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, yana keta yashi kamar ba shi ba. Manoma da masu kai kaya ƙauye ne ke kawo mana. Duk bulok ɗin da aka gama, Baba yakan buga masa ɗigo uku da ƙusa a gefe, don in ya ba da matsala mai shi ya dawo a gyara masa kyauta. Duk makanikan garin nan sun san alamar.

Ɓarnata da ƙaramin abu ta fara. In cire wa mutum fistin mai kyau, in mayar masa da tsoho, in sayar da nasa a bayan idon Baba. Da ba wanda ya gane, sai na ɗauka ni ɗin mai wayo ne.

Da aka hana hawa babur a gari saboda rikici, Baba ya koma gyaran keke da janareto, ya ce kada wanda ya ƙara taɓa injin babur a garejinsa. Ana haka wani mutum ya zo mini da bulok biyu a cikin buhun gawayi, ya ce na gona ne. Wane manomi ne ke ɓoye bulok cikin gawayi? Na sani sarai daji za su, wurin mutanen da suka mayar da ƙauyukanmu kufai. Duk da haka na karɓa. Ranar Juma'a, Baba yana masallaci, na fafe su. Da na gama, hannuna ya ɗauki ƙusa ya buga ɗigo uku, don haka ya saba. Wallahi ban ko lura ba. Na yi ta yin haka wata da watanni.

Wata rana da hantsi jami'an tsaro suka zo gareji da wani bulok da suka cire daga babur ɗin da aka kama a daji. Suka tambayi Baba ko ya san alamar.

"Tawa ce," in ji shi.

Ya zura yatsa cikin ramin ya shafa. Ya san aikin hannuna kamar yadda ya san fuskata. Ya kalle ni sau ɗaya, ya kawar da kai. Ni kuwa ina tsaye da sifana a hannu, na ja bakina na yi shiru, aka tafi da shi.

Wata biyu yana tsare. Matarsa Ya Falmata ba ta fasa aiko mini da abinci ba, tana cewa, "Ci, ɗana, kai kaɗai ka rage mana." Kuma na ci. Ba zan yi muku ƙarya in ce na kai kaina ba. Mai buhun gawayin aka kama, shi ya faɗi sunana, sannan aka saki Baba.

Na yi shekaru a kurkuku. Na tuba, na roƙi Allah gafara, amma kunyar ba ta bar ni ba ko na yini guda. Da na fito, gidan Baba na fara zuwa. Na same shi a kan tabarma, ya rame, gareji kuma an rufe tuni, don ba wanda ya ƙara kai masa aiki. Na durƙusa ina kuka.

"Tashi," in ji shi. "Na yafe maka duniya da lahira. Amma kada ka ƙara gaya wa kowa ni na koya maka aiki."

Samari, ku da ke koyon sana'a, kada ku raina ƙaramar sata, kuma duk aikin da sai maigida ya fita za ku yi shi, ku bar shi. Ba ku kaɗai za ku sha wahalarsa ba. Yanzu facin taya nake yi a unguwar Jiddari Polo. Mutane kan yaba hannuna, su tambaye ni wa ya koya mini, ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ci gaba da aikina.