Sunan Ƙanena a Laburaren Jami'a

Mun tashi da asuba daga ɗakin da nake haya a Faskari, ni da wani ɗan'uwanmu malamin firamare da ya taso daga Sabuwa ya kwana wajena. Mu muka yi sammako, mota ba ta yi ba. A tasharmu yanzu direba ba ya tayar da mota sai ya ga wata ta shigo daga hanyar da zai bi. In ta shigo da gilashinta lafiya, sai a yi bismilla. Muka zauna kan benci muna shan koko har rana ta fito. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma.

Masu tambayar abin da ya kai ni jami'a, ni da ban taɓa zama a aji ba, ga dalili. Shekarar da aka kore mu daga ƙauyenmu, can bayan Ruwan Godiya, an zuba mu a wata makaranta. Wani mai bincike daga jami'ar ya zo da rikoda yana ɗaukar maganar mutane. Mutumin kirki ne. Ya ce in ina so zai canja sunaye. Na ce ni ba na ɓoye sunan gidanmu. Na faɗa masa ƙanena ne ya bi sawu har ya gano inda 'yan bindiga suka ajiye matanmu, shi ya ja 'yan sa-kai zuwa wurin. Na faɗi sunansa, da na mahaifinmu, da unguwarmu, yadda ake gabatar da wanda ya yi abin kirki. Na dangwala yatsa a takarda. A zatona maganar za ta shiga littafi, littafin ya hau kanta, gara ta cinye.

Ni ban koma ƙauye ba. Ƙanena ya koma, yana noma cikin sulhun da aka yi da 'yan bindigar daji, wanda kowa ya san ba shi da ƙwari. Mutanen daji ba su san wanda ya nuna hanya ba. Sun sha tambaya.

Makon jiya malamin nan yana neman bayani a waya kan tsutsar masara, ya faɗa shafin laburaren jami'ar. Ya ga sanarwa cewa sun buɗe muryoyin mutanen karkara kyauta ga kowa. Ya rubuta sunan ƙauyenmu, sai ga muryata. Da ya kunna mani, na ji kaina ina miƙa ƙanena da bakina. Mutanen daji suna da waya. Masu kai masu labari sun fi su iya latsa ta.

Daga Sheme zuwa Ƙanƙara ba wanda ya yi hira. Damina ta yi kyau, ƙasa ta yi kore, amma a bakin titi ba masara ba dawa, sai wake da gyaɗa, abin da mutum ba zai iya ɓuya a ciki ba. Na ga gonakin da ciyawa ta cinye, na ga ƙauye biyu da ba hayaƙin girki. Direba yana kallon fitilar duk motar da ta taho, ita ce gaisuwa, ita ce labarin hanya. A shingen sojoji aka ce kowa ya sauko. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ɗaga zakaransa sama tare da hannuwansa, sojan ya yi dariya. Dariyar da na ji ke nan a hanyar.

A Ƙanƙara muka canja mota. Muka ci waina da miyar taushe a bakin tasha, mai wainar tana ƙorafin tsadar shinkafa, tana rage mana miya. Kuɗin mota ya ninka wanda na sani. Direba ya ce rabi na mai ne, rabi na tsoro.

Mun isa jami'ar kafin azahar. Ba zan faɗi sunanta ba, na daina faɗin sunaye. Laburaren gini ne babba, sanyi kamar cikin randa. Na zaci littattafai zan gani har rufi. Akwai su, amma ɗalibai sun juya masu baya, kowa ya fuskanci kwamfuta. A bakin ƙofa akwai allo mai haske yana sauya labarai da kansa. Malamin ya karanta mani, har da sanarwar muryoyinmu, da hoton wata bukka mai kyau wadda ba irin ta garinmu ba.

Aka kai mu wajen wata Hajiya, ita ke kula da abin da ake ɗorawa a intanet. Ta ba mu kujera da ruwa, ta fara bayani da fara'a. Ta ce da, ilimi a kulle yake, sai mai kuɗi. Yanzu ɗan talaka a Tafoki zai karanta abin da farfesa ke karantawa. Ta ce suna da na'urar da ke sauraron murya ta mai da ita rubutu, ta juya ta Turanci, shi ya sa in ka rubuta suna take kawo maka shi. Ban ƙaryata ta ba. Malamin ya samo maganin tsutsarsa ta nan.

Na ce, "Hajiya, rubuta sunan da zan faɗa maki."

Ta rubuta. Muryata ta fito. Ta saurara har inda na ambaci unguwarmu, fara'ar ta tafi.

"Malam, yana raye?"

"Jiya dai yana raye."

"Ina yake?"

"Inda na faɗa a ciki."

Ta duba takardar da na dangwala. Komai daidai, ni na yarda. Ba ta fake da takardar ba, wannan kam na yaba mata. A gabana ta rufe maganata. Ta buɗe na wasu, ta ji wata mata ta faɗi sunan mijinta ɗan sa-kai, wani ya faɗi ramin da suke ɓoye hatsi. Ta kira shugabanta a waya, ta rufe duka, ta sa aka cire sanarwar daga allon ƙofa.

Na ce, "Shi ke nan, an goge?"

Ta juyo mani da kwamfutar. Taswirar duniya ce, da ɗigo-ɗigo. Ta ce kowane ɗigo ƙasa ce da wani ya sauke maganar ya ajiye a wajensa, kuma abin da aka sauke ba ya dawowa. Na ce ta nuna mani tamu. Akwai ɗigo a kai.

"Wane gari?"

"Ba ta nuna gari, Malam. Ƙila ɗalibai ne."

"Ƙila."

Ta ce in yafe masu. Na ce ni na yi magana, su suka buɗe ƙofa, Allah Ya yafe mana duka.

Dole muka kwana Ƙanƙara, don bayan la'asar ba mai bin hanyarmu. Washegari malamin ya wuce Sabuwa, ni na hau babur zuwa ƙauye. Na sami ƙanena a gona yana huɗa. Masararsa ta kai ƙugu. Na faɗa masa komai a tsaye, ban rage ba. Ya jingina da garma yana kallona.

"Yaya, abin da ka faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"To, mi kake so in yi?"

"Ka bi ni yau."

Ya nuna gonar. "In bar wanga ga wa? Ka ciyar da mu da mi?"

Na zauna a kan kunyar gona, ya ci gaba da huɗa har ya kai ƙarshen layi. Da ya dawo ya ce in tafi da matarsa da 'ya'yansa, shi zai biyo bayan kaka. Bai zage ni ba. Na so ya zage ni.

Mun iso Faskari kafin la'asar, babur biyu, da tukunya da tabarma. Na bar masu ɗakin, na koma zaure.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Mutanen laburare ba mugaye ba ne, kuma buɗe ilimi ga kowa abu ne mai kyau. Amma su in sun ce kowa, ɗalibi suke gani. Ni na san sauran. Duk wanda aka miƙo wa rikoda, ya faɗi wahalarsa, ya bar sunayen masu rai a bakinsa.

Saura wata biyu a karya masara. Kullum da hantsi ƙanena yakan hau tudun da ake samun sabis ya kira. Yau ya kira.