Fuskar da Ta Fito a Madubin Yaya

Yayata makitsiya ce. A hannun mahaifiyarmu ta koya, tun tana taka kujera kafin ta kai ga kan mutum. Mata suna kiranta Hannu-Sanyi, domin takan gama kitso ba a ji zafin ja ba, wasu har barci suke yi a gabanta. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bayan wani kantin magani: tabarma, kujeru biyu, kwandon mataji da man gashi, labule mai kauri a ƙofa, sai dogon madubi a jikin bango. Ni kaina ban taɓa wuce labulen ba. A ciki mata suke sauke ɗankwali, su sauke abin da ke ransu, kuma ba a taɓa jin maganar wani gida ta fito daga bakin Yaya ba.

Tana da wata ɗabi'a. In kitso ya yi kyau takan ɗauki hotonsa, don ta nuna wa mai neman samfuri. Daga ƙeya kawai take ɗauka, ba ta taɓa tsayawa ta gaba ba. Da yake ɗakin ba shi da haske sosai, sai wata mai zuwa kitso ta sa mata wata manhaja ta kyauta mai haskaka hoto. Ranar da aka sa ta, wayar ta yi ta tambaya, Yaya ta yi ta danna amincewa, hannunta ɗaya riƙe da gashin mutum.

Wata safiya Malama ta ɗaga labulen ba sallama. Malamar firamare ce, ta daɗe tana kitso a wurin, har Yaya tana ce mata ƙawa. Akwai mata biyu a ciki, ɗaya an kai rabin kai.

"Hannu-Sanyi, sayar da ni kika yi?"

Ta miƙa wayarta. Tallan wani man tsawon gashi ne a intanet. Ga ƙeyar Malama da kitson da Yaya ta yi mata. Can sama kuma, a cikin madubin bango, ga fuskar Malama sarai, kai a buɗe, ido a lumshe.

"Ƙanwar maigidana ce ta turo masa," in ji Malama. "Iyayen yara sun gani. Shugaban makaranta ya kira ni yana tambaya ko na koma talla."

"Wallahi ƙawa, ban tura wa kowa ba."

"Kar ki ce min ƙawa. Tabarmar nan ta wace ce? Madubin nan na waye?"

Matar da ake wa kitso ta laluba ɗankwalinta ta ɗaura a kan rabin kitso. Ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ɗayar ko dalili ba ta kawo ba.

Kafin mako ya zagayo labulen ya daina motsi. Yaya takan zauna ta wanke matajin da ba wanda ya yi amfani da su. Ta zargi mijinta, ta zargi maƙwabciya, har ni ta yi wa wani kallo. Ni dai na saurare ta.

Daga ƙarshe ta tafi wurin mai gyaran waya na bakin titi, wanda take tsokana da Injiniya. Ya daɗe yana latse-latse, sannan ya juyo mata da wayar.

"Anti, wannan mai haskaka hoton, wa ya ba ta izinin shiga duk hotunanki?"

"Ni na san wani izini? Tambaya ta yi, na danna."

"To ba a cikin wayarki take gyaran ba. Can wurin masu ita take aika hoton, a gyara, a dawo miki da shi. Ba zan rantse cewa su suka ba masu tallan ba, amma duk wanda kika haskaka ya fita daga hannunki."

Yaya ta dafa teburinsa. Hotunan da ta haskaka ba su ƙirguwa, kuma kusan kowanne a gaban madubin nan aka ɗauke shi.

"A dawo min da su."

"Ba mai iya wannan, Anti."

Ya cire manhajar, ya rufe wa sauran manhajojin ƙofar hotuna da ta lambobin mutane. Sannan ya ce akwai wasu manhajojin da masu yinsu suke baje yadda aka haɗa su a fili, duk wanda ya iya zai duba ya ga ko suna aika wani abu waje. Ya nuna mata wata ta ajiye hoto da gyara shi, wadda ko izinin shiga intanet ba ta nema.

"Ni zan iya dubawar?"

"Ke ba za ki iya ba, ni ma ba duka ba. Amma masu iyawa suna da yawa, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Sai dai ba ta sa fata sheƙi kamar waccan."

"Injiniya, sheƙin ya ishe ni haka. Sa min."

Daga nan gidan Malama ta wuce. A tsakar gida aka bar ta tsaye. Ta faɗi komai yadda yake: wayarta ce, yatsanta ne, kuma shekara da shekaru tana kaffa-kaffa da ƙeya ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli madubin ba. Ta goge hotunan a gaban Malama, ta kuma gaya mata gaskiya cewa na tallan ba zai gogu da wannan ba. Haka Yaya ta bi gidajen sauran matan da ta ɗauki hotonsu, wasu suka saurare ta, wata ta rufe ƙofa.

An daɗe. Wasu sun dawo, wasu har yau suna kewaye layin. Rannan da hantsi labulen ya ɗaga, Malama ta shigo, ta zauna ba gaisuwa.

"Na je wurare biyu, duk sun kusa cire min fatar kai. Ba ni wayar."

Yaya ta ba ta. A cinyar Malama wayar ta zauna har aka gama. Da Yaya ta ɗaure jelar ƙarshe, hannunta ya tafi neman waya kamar yadda ya saba, sai ta janye shi da sauri.

Malama ta juya kai hagu da dama tana duba kitson. Ta kalli wayar da ke cinyarta.

"Wannan sabuwar manhajar, kin ce ba ta aika hoto ko'ina?"

"Haka aka nuna min. In ba ki so, a bari."

Yaya ta fara tattara mataji. Sai Malama ta miƙo wayar ta saman kafaɗa.

"Yafa wa madubin zane tukuna."